A WARE RABON JARIRI KAFIN A KAI AMFANI KASUWA

Kaka ta yi, mun gode wa Ubangiji. An yanke gero, an cire gyaɗa, waken soya yana shanya a masussuka. Nan da 'yan kwanaki masu saye za su shigo ƙauyukanmu da motoci da buhuna, kowane magidanci kuma zai zauna ya yi lissafi. Ga zakka da baikon godiyar kaka, ga kuɗin makarantar yara, ga bashin taki, ga irin baɗi, ga tufafin Kirsimeti. Duk waɗannan daidai ne. Amma akwai mutum ɗaya a gidan wanda ba a kan sa shi cikin lissafi ba, gama ba ya magana, ba ya kuwa kawo ƙara. Shi ne jaririn da ke goye a bayan uwarsa. Saboda shi muka yi wannan rubutu.

Maganarmu guda ɗaya ce. Daga wata 6 zuwa shekara 2, nonon uwa kaɗai ba ya isar yaro, koko zalla kuma ba ya cike abin da ya rage. Abin da zai cike shi yana cikin gonakinmu, amma shi ne muke fara sayarwa. Don haka muna roƙon kowane magidanci ya ware rabon jariri tun a masussuka, kafin a ɗinke bakin buhu.

Abin da muke gani ranar awo

Duk wanda ya taɓa zama kusa da sikeli ranar awon yara ya san abin da za mu faɗa. Katin awon nan da ake ba iyaye mata yana da tarihi a ƙasarmu. Wani likita mai suna David Morley ne ya tsara irinsa, sa'ad da yake aiki da asibitin mishan na Metodis a Ilesha da ƙauyen Imesi-Ile a ƙarshen shekarun 1950, daga nan ya bazu a duniya. Amfanin katin shi ne yana nuna ramar yaro tun ido bai gan ta ba. In ka duba katunan yaranmu, za ka ga layin yana hawa da kyau a wata 5 ko 6 na fari, lokacin da nono ke ƙosar da su. Daga nan sai layin ya kwanta. Wata ya bi wata, nauyi yana nan inda yake. Wani kuma sai ya soma gangara.

A wani ƙauye da muka je awo, wata mata ta kawo ɗanta mai wata 11. Nauyinsa bai ƙaru ba tun yana wata 7. Gashinsa ya yi ja-ja ya yi laushi, ba ya wasa, ba ya ko kuka da ƙarfi. Malamar lafiya ta tambaye ta, "Mama, me yake ci?" Ta ce, "Malama, koko nake ba shi safe da yamma, yana kuwa sha sosai. Ina tsammani haƙori ne." Da muka raka ta gida, sai ga buhunan waken soya a jingine cikin zaure, ana jiran kuɗinsa ya tashi, ga kaji suna kiwo a tsakar gida. Muka gaisa da maigida, muka nuna masa katin. Ya ce, "Ai abincin yaro sha'anin mata ne, ni dai ban bar gidana da yunwa ba." Gaskiya ya faɗa, akwai tuwo a gidan. Mutumin kirki ne, mai ƙaunar iyalinsa. Sai dai ba wanda ya taɓa gaya masa cewa maganin ɗansa yana cikin buhun da ya jingina bayansa a kai.

Ba gida ɗaya ke nan ba. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna cewa cikin yara 100 'yan ƙasa da shekara 5, guda 37 sun tsumbure, watau tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A jihohin arewa maso yamma kuwa adadin ya kai 57 cikin 100. Yawancin wannan tsumburewa tana faruwa ne kafin yaro ya cika shekara 2, abin da aka rasa a wannan lokaci kuwa da wuya a mai da shi daga baya. Ba tsawo kaɗai take taɓawa ba, har da ƙwaƙwalwa da ƙarfin jure ciwo. Yaron da ƙyanda ko zawo ko zazzaɓin sauro zai kayar da shi ya tashi, in yana da tamowa sai ciwon ya tafi da shi.

Me ya sa koko bai isa ba

Ba mu raina koko ba, dukanmu da shi muka tashi. Amma bari mu duba yadda ake yinsa. A jiƙa gero ko masara, a niƙa, a tace, a zubar da dusa, a bar ƙullu ya kwanta. Sa'an nan a ɗebi kaɗan a dama da ruwa mai yawa, domin a ce jariri ba zai iya haɗiye mai kauri ba. Abin da ya isa bakin yaro kusan duka ruwa ne.

Cikin jariri mai wata 6 zuwa 8 ƙarami ne, abin da zai ɗauka a zama ɗaya bai wuce cikin kofin shayi ba. In aka cika wannan kofi da ruwa-ruwan koko, yaro zai ƙoshi, zai yi barci, uwa za ta ce ya sha sosai, amma jikinsa bai sami abin gini ba. Kamar mutum ne ya kwaɓa ƙasa da ruwa tsululu ya ce zai yi katanga. Har wa yau, ko da an yi shi da kauri, hatsi kaɗai bai isa ba. Abin gina jiki da ke cikin gero ko dawa ko masara wajen kashi 10 ne cikin 100, na gyaɗa wajen 25, na waken soya kuwa ya haura 35. Ga kuma sinadarin ƙarfe mai yin jini. Yaro yakan zo duniya da ajiyarsa a jiki, amma wajen wata 6 ajiyar takan ƙare, nono kuwa ba shi da shi da yawa, koko ma haka.

An daɗe da sanin wannan. A 1933 wata likita mai suna Cicely Williams, tana aiki a ƙasar Gana, wadda a lokacin ake kira Gwalkwas, ta bayyana wani ciwo na yaran da ake ciyar da su da kunun masara zalla: kumburin ƙafa, saɓewar fata, canjin launin gashi. A 1935 ta kira shi da sunan da mutanen Ga na Akra suke kiransa, kwashiyoko, ma'anarsa ciwon yaron da aka ture daga nono saboda an yi masa ƙane. Mu ma muna da irin wannan magana, mukan ce yaro ya sha ciki. Nonon mai ciki ba guba ba ne. Abin da ke kayar da yaron shi ne an cire shi daga nono rana ɗaya, an kai shi wurin kaka, ba abin da ya maye gurbin nonon sai koko.

Gwangwanin kanti fa?

Wasu iyaye da suka ga koko bai isa ba sai suka juya ga garin gwangwani na kanti, suna ganin shi ne abincin 'ya'yan masu ilimi. Ba mu ce garin nan mugun abu ne ba. In ka karanta jikin gwangwanin za ka tarar hatsi ne da madara ko waken soya, da 'yan sinadaran da aka ƙara. Damuwarmu kuɗinsa ne. Manomi zai sayar da mudu da yawa na waken soya ya sayi gwangwani ɗaya wanda ba zai yi mako ba. Domin ya daɗe, sai uwa ta riƙa sa cokali ɗaya inda aka ce a sa huɗu, ta cika da ruwa, ta ɗura a fida. Ga shi an koma ga ruwa-ruwa, an kuma ƙara da fida wadda wanke ta yake da wuya, ƙuda na bin bakinta, zawo na biye. Irin wannan ɓarna ce ta sa a 1981 taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya kafa ƙa'idar hana tallar madarar jarirai da fida ga jama'a.

Ga wani abin tunani kuma. A yunwar 2005 a ƙasar Nijar, musamman a yankin Maraɗi, an ceci dubban yara masu tamowa da wani abinci mai kauri na cikin 'yar leda, irin wanda har yanzu ake bayarwa a asibitocinmu. Me ke cikinsa? Niƙaƙƙiyar gyaɗa, da garin madara, da mai, da sukari, da sinadaran ƙarin lafiya. Watau gyaɗar da muka sayar ita ce take komowa a matsayin magani bayan yaro ya kusa mutuwa. Da mun ba shi tun da fari, da yawancin yaran ba su kai ga wannan hali ba.

Duwatsu uku na murhu

Kowace mace ta san tukunya ba ta zama a kan dutse ɗaya. Haka abincin yaro yake, duwatsu uku yake bukata. Na fari, mai ba da ƙarfi: gero, dawa, masara, acca, shinkafa, dankali, doya, da mai. Na biyu, mai gina jiki: waken soya, gyaɗa, wake, gujiya, riɗi, ƙwai, kifi, hanta, nama, madara. Na uku, mai kare jiki daga ciwo: zogale, alayyafo, kabewa, karas, manja, gwanda, mangwaro, gwaiba, lemo, garin 'ya'yan kuka. A kowace rana a ga cewa duwatsun nan uku sun shiga kwanon yaro. Nono kuma yana nan bisansu duka har shekara 2 ko fiye.

Yaushe za a fara? Iyayenmu da suka yi reno a da za su tuna ana cewa wata 4. An canja wannan a 2001, bayan an gane cewa nono zalla har wata 6 ya fi kare yaro daga zawo. Zalla kuwa na nufin ko ruwa ba a ba shi, gama kusan kashi 9 cikin 10 na nono ruwa ne, yana kashe ƙishi ko a bazara. In wata 6 ya cika, za a ga yaro yana riƙe wuyansa, yana zama in an tallafe shi, yana miƙa hannu ga abin da ake ci. To, lokaci ya yi, kada kuma a yi jinkiri.

Yadda ake yin garin kunun yara

Ma'aikatan lafiya suna kiran wannan gari Tom Brown. Ma'auninsa mai sauƙin riƙewa ne: hatsi 6, waken soya 3, gyaɗa 1. Ko da gwangwanin madara aka auna ko da mudu, lissafin ɗaya ne.

A tsince hatsin, a wanke, a shanya a kan tabarma mai tsabta inda kaji da awaki ba za su kai ba, sa'an nan a soya shi a busasshen kasko har ya yi ƙamshi. Waken soya yana bukatar kula ta musamman, domin ɗanyensa yana da wani abu mai hana cikin yaro narkar da abinci, wuta ce kaɗai take kashe shi. A tsince duwatsu, a tafasa shi minti 20 zuwa 30, a murje ɓawon a zubar, a shanya ya bushe ƙarau, sa'an nan a soya har ya yi ja. Gyaɗa kuma a zauna a tsince ta ɗaya ɗaya. Duk wadda ta yi funfuna, ko ta yanƙwane, ko ta canja launi, a zubar. Funfunar gyaɗa da masara tana da guba mai lalata hanta, dafuwa kuwa ba ta kashe ta. A soya mai kyan, a murje, a fece. Sai a haɗa duka a kai inji, a tankaɗe da rariya mai laushi, a zuba cikin roba ko gwangwani mai murfi. Kada a yi fiye da na wata guda, gama man da ke cikinsa yakan sa ya canja wari.

Wajen dafawa, a ɗebi cokali 3 na cin abinci, a dama da ruwa mai tsabta kaɗan, a zuba cikin kofi ɗaya na tafasasshen ruwa, a bar shi kan wuta ana juyawa kamar minti 10. A sauke, a sa ƙaramin cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja. Ga yadda za a gane kaurin ya yi daidai: a ɗebo a cokali a karkata shi. In ya zube kamar ruwa, bai yi ba. In ya tsaya, ya sauko a hankali, ya yi.

In yaro yana shan wuyar haɗiye mai kauri, kada a ƙara ruwa. Masu kunun zaƙi suna da dabara. A jiƙa gero ya kwana, a shimfiɗa a kan buhu mai laima a rufe, kwana 2 ko 3 har ya tsiro. A shanya ya bushe, a murje a fitar da tsiron da saiwar, a niƙa ƙwayar. In aka barbaɗa ƙaramin cokali ɗaya na wannan gari cikin kunu mai kauri sa'ad da ya ɗan huce, nan da nan sai ya saki, alhali ba a ƙara ko ɗigon ruwa ba. Sai a mai da shi wuta ya sake tafasa. A yi da gero ko masara, a bar dawa, gama tsiron dawa yana da guba, manoma kuwa sun san yadda gyauron dawa ke kashe dabba.

Abinci mai laushi daga tukunyar gida

Kunu kaɗai safe da rana da dare yakan gundure yaro, kuma ba ya kawo dutse na uku. Ba a bukatar wani inji don yin abinci mai laushi, cokali da ƙaramin turmi mai tsabta da rariya sun isa.

A dafa yankin kabewa ko dankali da ruwa kaɗan har ya yi laushi, a murje da bayan cokali, a sassauta da ruwan dafuwar ko da nonon uwa da aka tatsa, a ɗiga mai. Dankali mai jan ciki ya fi fari amfani, domin launin nan alama ce ta sinadarin da ke kare ido, irin wanda ke cikin karas da manja. Gwanda nunanniya da ayaba da mangwaro ba su bukatar wuta, a wanke, a fere, a murje, a tace zaren mangwaron. Wake kuma a surfe shi kamar za a yi alala, a dafa ya yi luguf, a murje da manja. Ganyen zogale ko alayyafo a dafa a kirɓa, ko a shanya zogale a inuwa a daka, a riƙa sa ƙaramin cokali cikin kunu. Ƙwai a dafa shi sosai, a murje cikin kunu ko dankali. Busasshen kifi a daka shi lilis, a tankaɗe don kada ƙaya ta wuce. Ranar da aka yanka kaza, hantar ta jariri ce, a dafa a murje masa. Ba abin da ya kai hanta da nama da kifi yin jini.

Uwa ba sai ta ɗora tukunya biyu kullum ba. Sa'ad da take faten wake ko miyar taushe, ta ɗebi rabon yaro kafin ta sa gishiri da barkono da dunƙulen ɗanɗano, ta murje masa.

A wata 6 a fara da cokali 2 ko 3, sau 2 a rana, bayan ya sha nono. A ƙara a hankali har ya kai rabin kofi, sau 2 ko 3 a rana zuwa wata 8. Daga wata 9 a ba shi sau 3 ko 4, abincin kuma ya rage laushi, a ba shi abin da zai riƙe da hannunsa, kamar yankin ayaba ko dafaffen dankali. In ya shekara sai ya ci abincin gida, amma a kwanonsa na kansa. In aka haɗa shi kwano ɗaya da yayyensa, kafin ya kai loma biyu sun share. In za a gwada sabon abinci, a gwada ɗaya ɗaya. Idan aka ga ƙuraje sun feso, ko fuska ta kumbura, ko numfashi ya canja, a daina, a kai shi asibiti nan da nan.

Abubuwan da za mu bari

Na fari ɗura. Mun san uwa ba da mugunta take yi ba, sauri take, gona na jira. Amma in aka kwantar da yaro, aka toshe masa hanci, aka ɗura masa kunu da tafin hannu, kunun yakan bi hanyar numfashi ya sauka a huhu. Daga nan ciwon huhu ke tashi, wani yaron ma a wurin yake sarƙewa ya tafi. A zaunar da shi a cinya, a ba shi da cokali ko kofi, ana yi masa magana. In ya ƙi yau, a sake gwadawa gobe, wani abincin sai an kai masa sau da yawa kafin ya karɓa.

Kada a ba yaro zuma kafin ya shekara, gama takan ɗauki ƙwayar wata cuta mai shanye jikin jariri. Kada a ba shi gyaɗa guda-guda, takan maƙale a maƙogwaro. Shayi yana hana jiki ɗaukar sinadarin yin jini, lemon kwalba kuma sukari ne da ruwa kawai. Madarar shanu in za a sa cikin kunu, a tafasa ta tukuna. Kunun da ya yi awa 2 a ajiye kada a ba shi sai an sake tafasawa. Uwa ta wanke hannunta da na yaron da sabulu, ruwan shansa kuma a tafasa. Zawon da muke ɗora wa haƙori, yawancinsa daga hannu da kwano da kwanannen kunu yake zuwa. In zawo ya kama shi, a ba shi ruwan gishiri da sukari na asibiti, kada a tsai da nono ko abinci, in ya warke kuma a ƙara masa ci ɗaya a rana har mako 2.

Masu cewa

Wani zai ce, "Kakanninmu da koko suka yi renonmu, ga mu kuwa da ranmu." Haka ne. Amma a tambayi tsofaffin matan ekklisiya, kowace ta haifi nawa, nawa suka rayu. Mu da muka tsira muke magana, waɗanda suka tafi a lokacin yaye ba su nan balle su ba da shaida.

Wata za ta ce, "In yaro ya saba da ƙwai zai yi sata." Ƙwai ba ya koya wa kowa sata. Tarbiyya ke hana sata, yunwa kuwa ta fi ƙwai tura yaro ga abin da ba nasa ba.

Wani kuma zai ce, "Ba mu da hali." Wannan magana ce mai nauyi, ba za mu yi wasa da ita ba, gama mun san tsadar taki, mun san akwai 'yan'uwa da rashin zaman lafiya ya raba su da gonakinsu. Amma bari mu yi lissafi. In yaro ya sha kunun nan sau 2 a rana, garin da zai ci a wata wajen kilo 2 ne, a shekara wajen kilo 25, watau rubu'in babban buhu. Cikin wannan, hatsi kilo 15 ne, waken soya kilo 7 da rabi, gyaɗa kilo 2 da rabi. A gwada wannan da kuɗin mota zuwa asibiti, da kuɗin magani, da kwanakin da uwa za ta yi jinya ana cikin noma. Wanda ba shi da waken soya ya yi da wake ko gujiya. Wanda ba shi da komai kuwa, ai domin irinsa aka yi ekklisiya.

Mata kuma za su ce, "Ina lokaci?" Su ma da gaskiyarsu. Mace ɗaya ga ɗiban ruwa, ga itace, ga surfe, ga gona, ga goyo. Shi ya sa ba mu ɗora wannan kaya a kanta ita kaɗai ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da muke roƙo

Ga magidanta: a wannan kaka, kafin mai saye ya ɗora buhu a sikelinsa, a auna rabon jariri a ba uwarsa a hannu, kada a taɓa shi ko kuɗin waken soya ya ninka. A bar kaza ɗaya ko biyu waɗanda ƙwansu na yara ne. A dasa zogale da gwanda a bayan gida inda ruwan wanka ke bi. Uba kuma ya riƙa duba katin awo kamar yadda yake duba gonarsa. Hausawa sun ce gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa.

Ga Zumuntar Mata: a sa rana ɗaya a wata, kowace ta kawo abin da take da shi, a tsince tare, a soya tare, a kai inji sau ɗaya, a raba. Wadda ta iya ta nuna wa amare da masu cikin fari. A gayyaci maƙwabta, ko Kirista ko Musulmi, gama tamowa ba ta tambayar addinin yaro. A jawo kakanni mata cikin aikin, domin a gidaje da yawa maganarsu ce ake bi a kan reno.

Ga fastoci da dattawa: cikin hatsin godiyar kaka a keɓe wani kashi domin jariran gwauraye da marayu da 'yan gudun hijira. A ba malaman lafiya 'yan mintoci bayan sujada su yi bayani, maza na zaune. In an ga yaro ya kumbura ƙafa, ko igiyar awon dantse ta nuna ja, wannan ya wuce kunun gida, a taimaki iyayensa su kai shi asibiti a ranar.

A Littafin Farawa sura 21 mun karanta cewa Ibrahim ya yi babban biki a ranar da aka yaye Ishaku. Uban ne da kansa ya yi bikin, bai ce sha'anin mata ne ba. Mutanen da sun san cewa yaron da ya ƙetare yaye lafiya ya haye babban kogi. Mukan kashe kuɗi mai yawa ranar suna, sa'ad da jariri bai san abin da ake yi ba. Bari mu rage kaɗan daga nan mu sa a kwanonsa, domin mu ma mu ga ranar yaye da yaro mai ƙiba, mai gudu a tsakar gida. 'Ya'ya amana ce da Ubangiji ya damƙa mana, ya kuwa ba mu ƙasar da ke fid da abincinsu. Allah ya ba mu ikon aikatawa. Amin.